Daular Kano (999–1807)

Daular Kano ita ce sarautar Hausawa da ta mulki birnin Kano da ƙasar da ke kewaye da shi tun daga zamanin Bagauda har zuwa jihadin Shehu Usman Ɗanfodiyo. Bisa lissafin da aka fi amfani da shi, ta fara a shekarar 999, ta ƙare a 1807, kuma sarakuna 43 ne suka hau gadonta. Ta taso ne daga ƴan ƙauyukan manoma da maharba da maƙera a gindin Dutsen Dala, ta zama birni mai ganuwa, ta haɗiye maƙwabtanta irin su Santolo da Rano, har ta kai matsayin ɗaya daga cikin manyan cibiyoyin fatauci da ilimi a Afirka ta Yamma. Masana kan raba tarihinta gida uku: zamanin Bagaudawa, zamanin Rumfawa da zamanin Kutumbawa. Fatauci da sana'a su suka gina ta, kuma nauyin yaƙi da haraji da aka ɗora musu a ƙarni na 18 yana cikin abubuwan da suka raunana ta kafin faɗuwarta.

Suna

A littattafan tarihi ana yawan kiran sarakunan wannan zamani sarakunan Haɓe. Kalmar daga Fulatanci take: jam'i ce ta Kaɗo, wato mutumin da ba Bafulatani ba. Bayan jihadi ne ta bazu, don a bambanta tsofaffin gidajen sarauta da sababbi. Sunan Kano kuwa, wata ruwaya ta ce na wani maƙeri ne da ya zo daga Gaya neman tama ya zauna kusa da Dala. Zuriyar waɗannan maƙera su ake kira Abagayawa.

Inda aka samo tarihin

Babban abin dogaro shi ne wani littafi na Larabci da aka fi sani da Tarihin Kano, wanda ya jera sarakuna ɗaya bayan ɗaya da yawan shekarun kowa da abin da ya faru a zamaninsa. An kammala shi a ƙarshen ƙarni na 19, lokacin Sarkin Kano Muhammadu Bello, kuma marubucin ya tattara ne daga kirari da waƙoƙin fada da abin da dattawa suka riƙe. Baturen mulkin mallaka H. R. Palmer ya fassara shi zuwa Turanci a 1908, daga baya aka buga fassarar Hausa a cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu.

Littafin bai ba da shekarun hawa da sauka ba, tsawon mulki kaɗai ya faɗa. Palmer ne ya ɗauki waɗannan adadi ya yi ta lissafi da baya har ya isa 999. Saboda haka shekarun sarakunan farko ƙiyasi ne, kuma suna ƙara inganci yayin da ake matsowa ƙarni na 15, inda wasu rubuce-rubuce na waje suke tabbatar da su. Irin wannan ya faru a tarihin wasu tsofaffin dauloli. Shekarar 753 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), da ake cewa a cikinta aka kafa birnin Rum, masanan Rumawa na baya ne suka lissafo ta, ƙarnuka da dama bayan abin ya wuce.

Kafin Bagauda

Binciken tona ƙasa ya nuna ana narka tama a wajen Dala tun kusan ƙarni na 7. Wurin yana da abin da mai zama yake bukata: dutse don tsaro, tama a ƙasa, ruwan Jakara da kurminta, da fili mai kyau don noma. Tarihin Kano ya ce shugaban mutanen wurin shi ne Barbushe, daga zuriyar wani mai suna Dala. An bayyana shi da cewa ƙaƙƙarfan maharbi ne mai kashe giwa da sanda, kuma shi ne mai kula da Tsumburbura, abin bautarsu, wanda ke cikin wata bishiya da aka kewaye da katanga. Shi kaɗai ke shiga. Mutane kan taru da baƙaƙen dabbobi don yanka, shi kuma ya fito ya faɗa musu abin da zai faru a shekara. Littafin ya ce ya taɓa gaya musu wani baƙo zai zo ya mallake su.

Wannan ya nuna cewa kafin sarauta akwai tsari: kowane rukuni na da babbansa, na maƙera daban, na maharba daban, na masu magani daban, addini kuma shi ke haɗa su. Sarakunan da suka zo daga baya sun shafe kusan shekara 300 kafin su karya ikon wannan gida na Dala.

Sarakunan farko (999–1349)

A ruwayar Bayajidda, Bagauda ɗan Bawo ne, ɗan'uwan waɗanda suka kafa Daura, Katsina, Zazzau, Gobir da Rano. Tarihin Kano ya ce ya zo da jama'arsa daga arewa, ya zauna a Sheme, ya yi mulki daga 999 zuwa 1063. Shi da ɗansa Warisi ba su mallaki Dala ba, a gefe suka zauna.

Sarki na uku, Gijimasu (1095–1134), shi ya fara ginin ganuwa. An ce a ranar farko ya yanka wa ma'aikata shanu 100, kuma ganuwar tana da ƙofofi 8. Ɗansa Yusa, wanda ake kira Tsaraki (1136–1194), ya ƙarasa ta. Ganuwa ta canza yanayin zama ƙwarai. A cikinta akwai gonaki da rijiyoyi, don haka mutanen karkara kan shigo da dabbobinsu idan yaƙi ya taso, wanda ya fake a bayan ganuwar sarki kuwa ya zama talakansa. Naguji (1194–1247) shi ne na farko da ya karɓi harajin ƙasa, kashi ɗaya cikin takwas na amfanin gona.

Rikici tsakanin fada da masu Tsumburbura ya ci gaba. An ce Guguwa (1247–1290) ya makance bayan ya yi yunƙurin tona asirinsu, Shekarau (1290–1307) kuma ya zaɓi sulhu, ya bar su da al'adarsu suna ba shi gaisuwa. Tsamiya (1307–1343) ne ya afka musu ya rushe katangar. Shi ma bai mutu a kan gado lafiya ba, Usman Zamnagawa ya kashe shi ya hau.

Rano da kudancin Kano

Rano tana cikin Hausa Bakwai, tare da Biram, Daura, Katsina, Zazzau, Gobir da Kano. Ruwayar Bayajidda ta ce Zamnakogi, ƙaramin ɗan Bawo, shi ya kafa sarautarta, shi ya sa har yau ake yi wa Sarkin Rano laƙabi da Autan Bawo. A rabon ayyuka da ruwayar ta yi wa ƴaƴan Bawo, Kano da Rano su ne sarakunan baba, wato masu rini, Katsina da Daura sarakunan kasuwa, Gobir sarkin yaƙi, Zazzau kuma sarkin bayi. Haɗa Kano da Rano a sana'a ɗaya ya dace da yanayin ƙasar, domin kudancin Kano ya fi arewa samun ruwan sama, auduga da baba suna yi sosai, ga kuma duwatsu da ke ba garuruwa mafaka.

Duk da haka, Rano ta rasa ƴancinta. Tarihin Kano ya ce Sarki Yaji (1349–1385) ya kori Sarkin Rano daga Zamnagaba, ya shiga ƙasar Rano, ya yi shekara biyu a Bunu. Tun daga nan labarin Rano ya shiga cikin na Kano. Gidan sarautarta bai gushe ba. Sarkin Rano ya ci gaba da riƙe ƙasarsa da sarautun fadarsa, sai dai yana kai gaisuwa Kano, yana kuma ba da mayaƙa idan an tashi yaƙi. Wannan hanya ta barin sarki a ƙasarsa a mai da shi mabiyi ita Kano ta bi da wasu garuruwa irin su Gaya, Dutse da Ƙaraye. Ta rage wa fada wahalar mulkin nesa, amma ta bar manyan sarakuna masu dawakai a gefe, waɗanda kan yi tawaye idan sun ga rauni a birni.

Sauran abokin hamayya a kudu shi ne Santolo, gari a kan dutse, cibiyar masu addinin gargajiya, wanda ya gagari sarakunan da suka gabata. Yaji ne ya ci shi, kuma labarin cin nasa yana haɗe da zuwan Musulunci fada.

Yaji da Wangarawa

Tarihin Kano ya ce a zamanin Yaji ne Wangarawa suka zo daga Mali, su kimanin 40, ƙarƙashin Abdurrahman Zaite. Wangarawa fatake ne kuma malamai, masu jin harsunan Mande. Suka umarci sarki da salla, ya karɓa, ya naɗa liman da ladan da mahauci daga cikinsu, aka gina masallaci. Da zai fita yaƙin Santolo ya nemi addu'arsu, suka tafi tare, ya yi nasara. Unguwannin Madabo da Mandawari a cikin birni ana danganta su da waɗannan baƙi.

Akwai saɓani game da lokacin. Wani rubutu na Larabci kan asalin Wangarawan Kano, wanda aka yi wajen 1650, ya sa zuwan Abdurrahman a zamanin Rumfa, fiye da shekara 100 bayan Yaji. Masana da dama na ganin Wangarawa sun yi ta zuwa ne rukuni-rukuni, daga baya aka tattara labarin a kan mutum ɗaya.

Musulunci bai kafu lokaci guda ba. Kanajeji (1390–1410), ɗan Yaji, da Zazzau ta ci shi da yaƙi, sai ya koma wa masu tsafi ya bi abin da suka ce, kafin ya sake fita ya yi nasara. Shi ne kuma ya shigo da lifidi da kwalkwali da sulke. Ɗansa Umaru (1410–1421) malami ne, har ya ajiye sarauta ya koma ibada. Wannan kai-komo tsakanin malamai da masu gargajiya bai ƙare ba har ƙarshen daular.

Buɗewar hanyoyin fatauci

Ƙarni na 15 shi ne lokacin da Kano ta haɗu da manyan hanyoyin kasuwanci. A zamanin Dauda (1421–1438) wani basarake daga Barno, wanda ake kira Dagaci, ya zo da jama'a masu yawa ya zauna. Abdullahi Burja (1438–1452) shi ne sarkin da aka ce ya fara mallakar raƙuma, ya fara aika gaisuwa Barno, ya kuma buɗe hanya daga Barno zuwa Gwanja, ƙasar goro, a arewacin Gana ta yau. A zamaninsa Galadima Dauda ya yi ta kai hari kudu yana kamo bayi, aka zaunar da su a garuruwa 21. Aikin bayi a gandaye yana cikin ginshiƙan arzikin daular tun daga wannan lokaci. A zamanin Yakubu (1452–1463) Fulani malamai suka zo daga Mali da littattafan tauhidi da nahawu, gishirin Asbin ya yawaita, Barebari da Larabawa suka zauna a birni.

Harshen Hausa ya adana shaidar wannan cuɗanya. Sarautun Galadima, Ciroma da Yarima daga Barno aka aro su. Masanin harsuna Joseph Greenberg ya nuna cewa kasuwa da rubutu sun shigo Hausa ne ta bakin Barebari, abin da ke nuna tasirin gabas bai tsaya ga fada kaɗai ba, ya kai ga ciniki da karatu.

Muhammadu Rumfa (1463–1499)

Rumfa shi ne sarki na 20, kuma shi Tarihin Kano ya fi yabo. An lissafa masa abubuwa 12 da ya fara. Ya gina sabuwar fada, Gidan Rumfa, inda sarakunan Kano suke zaune har yau. Ya faɗaɗa ganuwa. Ya kafa Kasuwar Kurmi. Ya kafa majalisar Tara ta Kano. Ya ba bābānni manyan muƙamai, ciki har da riƙon taska. Ya fara kulle, ya shigo da kakaki da figini da takalman gashin jimina da dawakin zage, ya kuma fara sallar idi a Shadakoko.

Idan aka dubi waɗannan abubuwa tare, manufarsu ɗaya ce: ɗaga sarki sama da ƴan'uwansa na gidan sarauta. Sabuwar fada ta raba shi da tsofaffin unguwanni. Bayi da bābānni ba su da dangin da za su nemi gado, don haka amanarsu tana wurin sarki. Kasuwa guda a tsakiyar birni ta sauƙaƙa kula da baƙi da karɓar kuɗin shiga.

A zamaninsa ne, wajen 1492, malamin nan na Tilimsan, Muhammad bin Abdulkarim al-Maghili, ya sauka a Kano. Ya rubuta wa Rumfa littafi kan wajiban sarakuna, mai suna Taj al-Din fi ma Yajib ala al-Muluk, inda ya yi bayanin tsara ma'aikata, sauraron ƙara, adalci a shari'a, da halattattun hanyoyin tara dukiya da kashe ta. Sharifan Kano suna danganta kansu da shi. A zamanin Rumfa kuma aka fara yaƙi da Katsina, wanda ya ɗauki shekara 11 ba wanda ya rinjayi wani.

Tsarin mulki

Sarki shi ne kan komai, amma ba shi kaɗai yake yanke shawara ba. Tara ta Kano ta ƙunshi manyan masu sarauta, waɗanda ake lissafa Galadima, Madaki, Wambai, Makama da Sarkin Bai a cikinsu, kuma suna da hannu a zaɓen sabon sarki. Sarautu sun kasu: akwai na ƴaƴan sarki, akwai na gidajen da ke gadonsu, akwai na bayi. Kowane babban basarake yana zaune a birni, yana da garuruwa a karkara da ke ƙarƙashinsa, jakadu ne ke kai saƙo su karɓo haraji. Sana'o'i ma suna da shugabanni, kamar Sarkin Maƙera da Sarkin Fawa. Alƙalai da limamai daga cikin malamai ake naɗa su.

Matan fada sun yi tasiri. Hauwa, matar Rumfa kuma uwar Sarki Abdullahi, ta riƙe birni lokacin da ɗanta yake wajen yaƙi, ta hana Dagaci ƙwace mulki, kuma ƙarfinta ya kai har zamanin jikanta Kisoki.

Ƙarfin soja yana kan dawakai. Doki da lifidi da sulke kaya ne masu tsada, sai da kuɗin fatauci da bayi ake samunsu, su kuma dawakan su ke tsare hanyoyi su kamo bayin. Duk abin da ya taɓa ɗaya ya taɓa ɗayan.

Yaƙe-yaƙen ƙarni na 16 da na 17

Bayan Rumfa, Kano ta samu kanta tsakanin manyan dauloli biyu, Songhai a yamma da Barno a gabas. Matafiyi al-Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya kammala littafinsa kan Afirka a birnin Rum a 1526. Ya bayyana Kano da cewa gari ne mai ganuwa, mai attajirai da masu sana'a, ya kuma ce Askiya Muhammadu na Songhai ya kewaye ta ya tilasta wa sarkinta biyan sulusin kuɗin shiga. Tarihin Kano bai ambaci wannan ba, shi ya sa wasu masana ke shakkar labarin. Muhammadu Kisoki (1509–1565) ya yi mulki mai tsawo da ƙarfi, har ya kai hari ƙasar Barno.

Bayan rasuwarsa aka shiga rikicin gado, Katsinawa suka yi ta kawo hari har bakin ganuwa. A zamanin Muhammadu Zaki (1582–1618) Kwararrafa, daga kwarin Binuwai, suka mamaye ƙasar, aka kuma yi yunwa ta shekara 11. A lokacinsa ne aka fara Dirki, wato Alƙur'ani da aka naɗe da fatu ana yi masa yanka don neman tsarin gari, abin da ke nuna yadda addini da gargajiya suka cakuɗe a fada.

Muhammadu Alwali na farko, wanda aka fi sani da Kutumbi (1623–1648), ya dawo da martabar Kano, kuma daga sunansa aka samo Kutumbawa. Shi ya fara karɓar jangali daga Fulani makiyaya. Ya yaƙi Katsina sau biyu, a karo na biyu aka ci shi, ya rasu sakamakon yaƙin. A zamanin Shekarau (1649–1651) malamai suka shiga tsakani aka yi sulhu da Katsina. Barazanar kudu ce ta sa biranen biyu suka ga amfanin sulhun, domin Kwararrafa sun dawo wajen 1653, suka kuma komowa wajen 1671 a zamanin Dadi (1670–1703). A wannan karo sun shiga cikin birni, suka kashe mutane da yawa har da malamai, sarki ya fice zuwa Daura.

Haraji da rauni a ƙarni na 18

A ƙarni na 18 abokan gaba suka ƙaru daga yamma. Zamfarawa sun ci Kano da yaƙi a zamanin Muhammadu Sharefa (1703–1731), Gobirawa kuma suka yi ta gwabzawa da Kumbari (1731–1743) da magajinsa Alhaji Kabe (1743–1753). Barno ma ta kawo yaƙi har kusa da birni a zamanin Kumbari. An fara shigo da bindigogi daga Nufe, Babba Zaki (1768–1776) ya kafa rundunar ƴan bindiga masu tsaronsa.

Duk wannan kuɗi yake ci. A zamanin Sharefa ne wuri ya shigo ƙasar Hausa, abin da ya sauƙaƙa karɓar haraji da kuɗi maimakon hatsi. Tarihin Kano ya lissafa hanyoyi 7 na tara kuɗi da ya ƙirƙiro, ya kira su zalunci, ciki har da kuɗin da ake karɓa a kan budurwa idan za ta yi aure da harajin Kasuwar Kurmi. Kumbari ya ƙara a kan haka har kasuwar ta kusa mutuwa, ya kuma sa wa malamai haraji. Larabawa suka kwashe kayansu suka koma Katsina, talakawa da yawa suka gudu karkara. A wannan ƙarni Katsina ta sha gaban Kano a cinikin Sahara.

Waɗanda harajin ya fi ƙona wa rai, wato malamai, makiyaya masu biyan jangali, fatake da talakawa, su ne daga baya suka saurari wa'azin masu jihadi.

Jihadi da faɗuwar daular

Muhammadu Alwali na biyu ya hau a 1781. Zamaninsa ya zo da yunwa. Tarihin Kano ya ce da fadawa suka nemi shanun yanka don Dirki, sai ya sa aka sare fatun da gatari, aka tarar da Alƙur'ani a ciki, mutane suka ce za a fitar da shi daga ƙasar kamar yadda ya fitar da shi daga Dirki.

A 1804 Shehu Usman Ɗanfodiyo ya yi hijira zuwa Gudu, yaƙi ya ɓarke a Gobir. Almajiransa a ƙasar Kano, daga gidajen Fulani irin su Sulluɓawa, Yolawa, Danejawa, Jobawa da Dambazawa, tare da wasu malamai Hausawa, suka haɗu suka yi tasu hijirar. Bayan gwabzawa da dama, aka yi babban karo a Ɗanyaya wajen 1805, rundunar sarki ta watse duk da yawan dawakanta. Alwali ya bar birni ya nufi kudu har Zariya, daga baya ya dawo ya kafa sansani a Burum-Burum, kudu da Rano da Kibiya. A can masu jihadi suka same shi suka kashe shi, a 1807 bisa lissafin Palmer. Yankin da Kano ta fara faɗaɗa cikinsa a zamanin Yaji shi ne ya zama mafakar ƙarshe ta sarkinta na 43.

Malam Sulaimanu ya zama sarkin Fulani na farko, Kano ta koma masarauta a ƙarƙashin Daular Usmaniyya mai hedikwata a Sakkwato.

Abin da ya saura

Gidan Bagauda ya faɗi, amma yawancin tsarin da ya gina ya tsaya. Ibrahim Dabo (1819–1846), wanda zuriyarsa ke sarauta har yau, ya fuskanci tawaye a farkon mulkinsa, ya kuma ga cewa ba zai riƙe ƙasar ba sai da tsofaffin kayan aiki. Ya farfaɗo da sarautun bayi da na ƴaƴan sarki, ya yi mulki daga Gidan Rumfa. Fataucin ma ya dawo. Lokacin da Bajamushe Heinrich Barth ya zo a 1851, ya tarar da tufafin Kano da aka saƙa aka rina a birni da ƙauyuka suna kaiwa har Tumbuktu da Tarabulus. Turawan Ingila sun ci birnin a watan Fabrairun 1903, su ma suka yi mulki ta hannun sarki da hakimansa.

Rano ta ci gaba da zama ƙarƙashin Kano bayan jihadi, Sarkin Rano yana cikin manyan sarakunan ƙasar, a zamanin Turawa kuma ta zama gunduma. Tsohon matsayinta na ɗaya daga cikin Hausa Bakwai ya sake fitowa a muhawarar siyasa a 2019, lokacin da gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta ƙirƙiro masarautun Rano, Gaya, Ƙaraye da Bichi, aka naɗa Alhaji Tafida Abubakar Ila Sarkin Rano mai daraja ta ɗaya. Ya rasu a watan Mayun 2020. A watan Mayun 2024 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta soke dokar, a watan Yuli kuma ta kafa masarautar Rano mai daraja ta biyu, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Rano, Bunkure da Kibiya.

A cikin birnin Kano ana iya ganin ragowar daular a Dutsen Dala, Gidan Rumfa, Kasuwar Kurmi, karofin Ƙofar Mata, da Gidan Makama, wanda yanzu gidan adana kayan tarihi ne. Ganuwar kuwa ta zube a wurare da dama, saboda ruwan sama, ɗibar ƙasa da gine-ginen da aka yi a kanta.